Kaza a Kan Dami

Jawabin da ɗaya daga cikin mambobinmu, mai sayar da kayan miya da kayan marmari, ta gabatar ranar bikin cikar ƙungiya shekara goma. Mun buga shi kamar yadda ta karanta.



Uwar ƙungiya, shugabarmu da mataimakiyarta, ma'ajiya, sakatariya, malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena da yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka daure suka zo suka zauna can baya, barkanku da zuwa, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya ƙara haɗa kanmu, Ya ji ƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba.

Ku yi mini haƙuri in kun ji muryata tana rawa. Ni ciniki na saba, ban saba tsayawa gaban lasifika ba. Takardar nan da hannuna na rubuta ta, sati uku ina yi ina gogewa, malama ta duba ta gyara mini inda na karkace. 'Yan shekarun baya, ko an miƙo mini ita a kife ba zan gane a kife take ba.

Shugaba ta ce in faɗi amfanin da karatu ya yi mini. Na ce to a bar ni in yi magana a kan ƙwayar magani guda ɗaya, bitamin C, don ita ce ta kora ni aji. Kuma na san da wuya a sami gida a cikinmu da babu ita, ko a jaka, ko a kan firij, ko a bakin yaro yana tsotsa kamar alewa.

Labarin ya shafi maigidana, kuma sai da na nemi izininsa. Ya ce in faɗa, in zai amfani wani.

Kun tuna 2020, lokacin korona, da aka kulle gari. Kowa ya buɗe waya sai ya ji ana cewa a sha bitamin C, tana ƙara ƙarfin jiki. Malam direba ne, yana ɗaukar kaya zuwa Kudu, yana cuɗanya da mutane iri-iri. Tsoro ya kama ni. Na je kemis na ce a ba ni mai kyau. Yaron ya ɗauko iri biyu: ƙanana masu ruwan lemo da muka sani, da wasu manya a dogon gwangwani, waɗanda ake jefawa a kofi su yi ta kumfa. Ya ce, "Hajiya, wannan ɗari ce, wannan kuma dubu." Ni da ban iya karatu ba, amma na san dubu a jikin takardar kuɗi. A kasuwa kuwa dubu ta fi ɗari, ba a musu. Na ce a ba ni ta dubun.

Tun daga ranar na ɗora Malam a kai. Ɗaya da safe, ɗaya da dare. In ya yi atishawa in ƙara masa ta uku. In zai yi tafiya, gwangwanin ne farkon abin da nake sa masa a jaka. Korona ta lafa, mu ba mu daina ba, don ya ji daɗin ɗanɗanonta, ni kuma ina ganin kula nake yi da shi. Kuɗin da nake kashewa a kanta a wata ya kusa zubin adashena. Wani lokaci yakan ce cikinsa yana murɗawa, ko yana yawan zagayawa, sai in ce ai abincin hanya ne.

Bayan ƙaramar Sallah ta 2022, cikin zafin nan, wani dare ya tashe ni. Mutumin da ban taɓa jin ya yi raki ba, sai ga shi a ƙasa yana birgima, ya riƙe kwiɓinsa, gumi kamar an watsa masa ruwa, ga amai. Ku gafarce ni, da ya yi bawali sai muka ga jini-jini. Maƙwabci ya kai mu asibiti. Aka yi hoto, aka ce tsakuwa ce a ƙoda, ta taso ta tsaya a hanyar fitsari.

Likita ya yi ta tambaya. Yana shan ruwa sosai? Malam ya ce gaskiya a'a, direba ba ya son yawan tsayawa. Akwai maganin da yake sha kullum? Na yi caraf na ce babu, sai dai bitamin, ita kuwa ai ba magani ba ce. Na ciro gwangwanin daga jaka. Ya juya shi, ya ce, "Hajiya, guda nawa a rana?" Na ce biyu, wani lokaci uku. "Tun yaushe?" Na ce shekara biyu ke nan. Ya nuna mini wani rubutu da yatsa, ya ce, "Ba ki ga an ce ɗaya a rana ba?" Na yi shiru. Wallahi ban taɓa jin kunyar rashin karatu irin ta daren nan ba.

Zan faɗi gaskiya yadda likitan ya faɗa, don kada in ɗora wa ƙwaya laifin da ba nata kaɗai ba. Ya ce ƙarancin shan ruwa, da zafi, da yawan gumi, su ne manya. Amma ya ce bitamin C in ta yi yawa, jiki yana mayar da wani ɓangarenta wani sinadari da ake kira okzalet, shi kuma yana haɗuwa da sinadarin ƙashi a cikin fitsari ya daskare ya zama tsakuwa. Wato ni ina kawo yashi, rashin ruwa yana kwaɓawa.

Allah Ya taimaka tsakuwar ƙarama ce, ta fita da magani da ruwa, ba a yi aiki ba. Amma Malam ya yi sati uku bai hau mota ba. Bashin da na karɓa a ƙungiyar nan don in ƙara jari, ma'ajiya tana nan, a hoto da gwaji da magani ya ƙare. Sati biyu da sallamarmu na je na rubuta sunana a ajin malama.

Tun daga nan na zama matambayiya. Na tambayi nas ɗin da take zuwa ajinmu duk wata, na tambayi 'yata da ke makarantar koyon aikin jinya, ita ce take karanto mini na Turanci tana fassarawa. Abin da na tara ne zan zube muku.

Da farko kada wata ta fita ta ce na ce bitamin C ba ta da amfani. Tana da shi, babba ma. Da ita jiki yake haɗa abin da ke riƙe fata da dasashi da jijiyoyin jini, kamar yadda siminti ke riƙe bulo. Da ita rauni yake warkewa. Tana taimakon jiki wajen yaƙi da cuta. Akuya da saniya jikinsu yana haɗa musu tasu, mu 'yan Adam kuwa sai mun ci a abinci. Kuma jiki ba ya ajiye ta da yawa, shi ya sa ake son a riƙa samu a kai a kai.

Wanda ya yi wata biyu ko uku bai samu ba, dasashinsa zai kumbura ya riƙa jini, haƙora su yi girgiɗi, ciwo ya ƙi warkewa, ga kasala. A zamanin da, wannan cuta ta kashe matuƙan jiragen ruwa masu yawa, don sukan yi watanni a teku ba ɗanyen abu, sai busasshen burodi da nama mai gishiri. A 1747 wani likitan jirgin ruwan Ingila mai suna James Lind ya ɗebi marasa lafiya 12, ya raba su bibbiyu, kowane biyu da abin da ya ba su, wasu har ruwan teku. Biyun da ya ba lemon zaƙi da lemon tsami su ne suka farfaɗo, ɗaya ma cikin kwana shida ya koma bakin aiki. Ku lura fa, lemo biyu da lemon tsami ɗaya a rana ya ba su. Abin da ke kan tirena ne.

To nawa jiki yake buƙata? A nan ne lissafi ya ba ni mamaki. Ma'aunin sunansa miligiram, shi ne ƙananan haruffan nan biyu, m da g, da ake rubutawa bayan lamba. Masana a Amurka sun fitar da ma'auni a shekarar 2000. Babbar mace 75 a rana. Namiji 90. Mai ciki 85. Mai shayarwa 120. Mai shan taba a ƙara masa 35. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku, 15 kacal. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ma bai kai haka ba, 45 ta ce ga babba. Sannan aka sa iyaka, babba kada ya wuce 2,000 a rana.

Mu 'yan kasuwa ne, mu yi lissafi. Ƙwaya ɗaya mai 1,000 ta ninka buƙatar mace sau goma sha uku. Malam da ke buƙatar 90, ina ba shi 2,000, sama da ninki ashirin, kullum yana zaune a kan iyaka. Ranar atishawa kuwa 3,000, mun tsallake ta.

Ina sauran yake zuwa? Ku ɗauki buta ku kai ta famfo. In ta cika, ko kin bar famfon a buɗe har la'asar, abin da buta za ta ci ta riga ta ci, saura ƙasa ce za ta sha. Haka jiki yake. In abin kaɗan ne, hanji yana tsotse kusan duka. In ya wuce 1,000, ko rabi ba ya ɗauka. Wanda ya tsaya a hanji shi ne yake jawo murɗawar ciki da gudawa, wanda ya shiga jini ya yi yawa kuma ƙoda ce take wahalar fitar da shi. A taƙaice, iyayena, shekara biyu ina sayen abu da kuɗin gumina ana zubarwa a masai.

Na san abin da ke ran wasunku: to mura fa? Ai kowa ya san bitamin C maganin mura ce. Ni ma haka na sani. Ashe maganar tana da asali. Wani babban masanin kimiyya ne a Amurka, Linus Pauling, wanda ya ci kyautar Nobel har sau biyu, ya rubuta littafi a 1970 yana cewa a sha da yawa don mura. Da yake babban mutum ne, duniya ta ɗauka. Daga baya aka yi ta gwadawa. A 2013 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutum sama da 11,000. Suka ga mai sha kullum da wanda ba ya sha, kusan ɗaya suke kamuwa da mura. Ɗan bambancin shi ne mai sha kullum tasa takan ɗan rage daɗewa, kashi 8 cikin 100 ga babba, kashi 14 ga yaro. Murar sati ɗaya ke nan, ragin da babba zai samu bai kai kwana ɗaya ba. Wanda kuwa sai da mura ta kama shi sannan ya ruga kemis, ba a ga wani tabbataccen amfani ba. Waɗanda aka ga ta rage wa kamuwa sosai su ne masu gudun dogon zango da sojojin da ke atisaye cikin ƙanƙara. Ku duba ɗakin nan, akwai mai gudun famfalaƙi a cikinmu?

Amfanin da ya fi shafarmu mu mata, kuma ba a cika faɗa ba, shi ne na jini. Da yawanmu an taɓa ce mana a wurin awo jininmu ya yi ƙasa. Jini yana buƙatar sinadarin ƙarfe, kuma akwai shi a wake da gero da ganye, sai dai jiki ba ya iya zaro shi daga cikinsu da sauƙi kamar na nama. Bitamin C ce take taimaka masa, in an ci su a zama ɗaya. Ke nan in kin dafa wake da shinkafa, ki yanka ɗanyen tumatir da tattasai a kai, ko ki matsa lemon tsami, ko a sha lemo bayan an gama. Shayi kuma akasin haka yake yi, yana hana jiki ɗaukar ƙarfen, don haka a ba da tazara tsakaninsa da abinci.

Masu ciki, ku ji wannan. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba kowace mai ciki kullum shi ne maganin ƙarin jini da folik asid, waɗanda ake bayarwa a wurin awo. A ƙa'idar da ta fitar a 2016 ba ta ba da shawarar a riƙa ɗora masu ciki a kan ƙwayar bitamin C ba. Kada ki ajiye na awo don yana sa ki tashin zuciya, ki koma tsotsar mai zaƙi ki ce ai duk bitamin ne. Kowanne da aikinsa. In yana damunki, ki koma ki gaya musu.

Akwai waɗanda ƙwayar take yi wa rana. Tsohon da haƙora suka zube ba ya iya cin komai sai kunu, mai doguwar jinya, wanda ciwon hanji ya hana jikinsa tsotsar abinci, mutanen da rikici ya raba da gonakinsu suke zaune a sansani ba ɗanyen abu, da duk wanda likita ya duba ya rubuta masa. In an rubuta, a sha yadda aka rubuta, kwanakin da aka rubuta. Ƙarin da muke yi da kanmu shi ne matsalar.

Yanzu ga waɗanda ya kamata su yi taka-tsantsan.

Na ɗaya, wanda ya taɓa yin tsakuwar ƙoda ko yake da ciwon ƙoda. A ƙasar Suwidin an bi maza sama da 23,000 tsawon shekara 11, aka fitar da sakamako a 2013, masu shan ƙwayar bitamin C sun kusa ninka marasa sha wajen samun tsakuwa. Abin ya fi bayyana ga maza, binciken da aka yi a kan mata bai nuna haka ba. Amma wa yake saya wa mazan? Mu ne. Kuma ba a kama lemo da gwaiba da wannan laifi ba.

Na biyu, masu hawan jini. Wadda ake jefawa a ruwa ɗin nan, yawanci abin da ke sa ta kumfa dangin gishiri ne. An hana ki gishiri a miya, kina kuma narka shi a kofi safe da yamma ba ki sani ba. Mai gyambon ciki ma ta kula, don abu ne mai tsami, yana iya tayar da ƙwannafi.

Na uku, masu sikila da aka sha ƙara wa jini. Su ƙarfe taruwa yake musu a jiki har ya yi yawa, bitamin C kuma ƙara ɗaukarsa take sa wa. Abin da likitansu ya rubuta, shi ke nan, kada uwa ta ƙara don tausayi.

Na huɗu, masu ciwon suga da duk wanda za a yi wa gwaji. In ta yi yawa a jiki tana iya rikita wasu na'urorin awon suga da wasu gwaje-gwajen fitsari. In likita ya ce me kike sha, ki lissafa har da bitamin. Kada ki yi irin tawa.

Na biyar, yara. Ƙananan nan masu ruwan lemo, yawanci kowace ɗaya 100 ce. Yaro ɗan shekara uku buƙatarsa 15, iyakarsa 400. In ya tsotsi biyar ya wuce. Ga tsaminta yana cin haƙori in ana yawan tsotsa. Abin da ya fi ba ni tsoro ma shi ne yaron da ya saba ganin ƙwaya alewa ce, ran da ya tarar da maganin hawan jinin kakarsa ko na ƙarin jinin uwarsa a kan tabarma, wa zai gaya masa wannan daban ce?

Na shida, 'yan matanmu da amare. Yanzu an shigo da yayin ƙarin ruwa da allurai na hasken fata, ana haɗawa da bitamin C mai yawa, wasu ma a ɗakin gyaran jiki ake ɗaura musu. Akwai wani hali na jini da ake gado, likitoci suna ce masa G6PD, yana da yawa a ƙasar nan, kuma mutum yana iya rayuwa da shi bai sani ba. Mai shi in aka ɗura masa bitamin C mai yawa ta jijiya, ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta taɓu. Iyaye, kada mu biya kuɗin wannan da hannunmu. Jijiya ba wurin kwalliya ba ce.

Akwai kuma haɗarin da ba a jikin ƙwayar yake ba, a jikinmu yake. Yaro ya kwana da zazzaɓi, sai a aika kemis a haɗo farasitamol da bitamin C, a ce mu ga gobe. Gobe ta zama jibi. Bitamin C ba ta kashe zazzaɓin cizon sauro, ba ta maganin taifot, ba ta maganin limoniya. Zazzaɓin sauro kuwa kwana ɗaya ko biyu ya ishe shi ya kai ƙaramin yaro ga suma. Gwajinsa ɗigon jini ne a yatsa, minti ashirin an gama. Yaro in jikinsa ya yi zafi, ko yana numfashi da sauri, ko ya ƙi nono, a kai shi a duba a ranar.

To in ba ƙwaya ba, ina za mu samu? Ran da 'yata ta karanto mini jerin abincin, sai da na yi dariya har da ƙwalla. Hausawa suka ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Ni ce kazar nan. Gwaiba matsakaiciya guda ɗaya ta wuce buƙatar mace ta yini guda. Lemon zaƙi ɗaya yana da wajen 70. Jan tattasai ɗanye, in aka auna nauyi ɗaya, ya ninka lemo. Ga gwanda, ga mangwaro, ga abarba, ga yazawa, ga kabeji, ga tumatir, ga ɗanyen zogale, ga garin 'ya'yan kuka da muke ce wa kwalba da nono. Ni da nake sammakon zuwa 'Yan Kaba da 'Yan Lemo in saro su, in yini ina kora musu ƙuda, in sayar, in ɗauki ribar in kai kemis in sayo abin da na sayar.

Kuma Allah Ya raba mana su a shekara. Da sanyi ga lemo, ga tumatir da tattasan rani suna araha. Da bazara ga mangwaro da yazawa. Da damina ga ganye ko'ina, tana ƙarewa ga gwaiba. Kwalba da nono kuwa ba ta yankewa. Mai ƙaramin ƙarfi ya bi wanda yake yayi, shi ne mai sauƙin kuɗi.

Sai dai girkinmu yana buƙatar gyara, don bitamin C ba ta son abu huɗu: doguwar wuta, yawan ruwa, shanya a rana, da kanwa. Miyar da ta yi awa biyu tana tafasa, aka jefa mata kanwa don tsamin tumatir ya mutu, ta yi daɗi kam, amma bitamin ɗin ta tafi. Zogalen da aka tafasa har ya yi laushi aka tsiyaye ruwan, mafi yawanta ta bi ruwan. Busasshen tumatir da kuka da busasshiyar kuɓewa suna da nasu amfanin, amma kada a dogara da su a nan. Ban ce a daina miya ba, Malam ma ba zai yarda ba. Cewa na yi ganye ya zama shi ne na ƙarshen shiga tukunya, a rage kanwa, a kuma samu wani abu ɗanye ko da sau ɗaya a rana. In za ki yi kwaɗo, ki yanka tumatir da tattasai da albasa ɗanyu a kai. A wanke su da ruwa mai tsabta sosai, kada garin neman bitamin a kwaso amai da gudawa. A yanka lokacin da za a ci. Jariri kuwa da bai kai wata shida ba, nonon uwa ya ishe shi, uwar ce za ta ci lemon.

In ya kama sai an sayi ƙwayar, ga abu huɗu da yanzu nake dubawa da idona. Lambar da ke gaban m da g. Guda nawa aka ce a sha a rana. Lambar NAFDAC. Sai wasu haruffa uku, E da X da P, bayansu akwai wata da shekarar da wa'adin maganin zai ƙare. Farar ƙwaya in ta fara komawa ruwan ƙasa, ta lalace. Wadda aka ƙulla a leda ba suna ba kwali, da wadda ta yini a tire rana tana dukanta, ku bar wa mai ita.

Ina da roƙo uku ga ƙungiya. Na farko, ranar da nas za ta zo aji, kowa ta kwaso magungunan da ke ɗakinta mu karanta su tare, har wadda ba ta cikin ajin. Na biyu, mu masu sayar da kayan marmari, kafin mu kasa kaya mu ware na gida. Abin kunya ne 'ya'yan mai lemo su yi sati ba su sha lemo ba, kuma ni na yi hakan shekara da shekaru. Na uku, wadda take jin ta girma da zama a benci, ta zo. Na shiga ina da shekara arba'in da 'yan kai, jikata tana yi mini dariya in na rubuta harafi a juye. Yau ga ni.

Malam yanzu ba ya fita sai da jarkar ruwa a gefen kujera da ledar lemo, kuma yana tsayawa inda ya kamata ya tsaya, ko yaran mota za su yi gunaguni. Tsakuwa ba ta dawo ba, alhamdu lillahi. Bashin ƙungiya kuma na gama biya tun bara, ma'ajiya ga ki nan, ki gyaɗa kai su gani. Yauwa.

Gwangwanin nan da kuke gani a hannuna shi ne na daren asibiti. Ban yar ba. Shi ne abu na farko da na roƙi malama ta koya mini karantawa bayan sunana. In an tashi, mai so ta zo ta karanta da kanta.

Abin da na faɗa daidai, Allah Ya amfane mu da shi. Inda na yi kuskure, nas tana nan, ta gyara mini a gabanku, ba zan ji haushi ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya nuna mana shekara ashirin ɗin ƙungiyar nan muna tare.